Dillali ya ce in sayar da gona in sayi takardar aiki a Ingila, ga shi matana biyu

Assalamu alaikum. Ni nas ne a wani asibitin gwamnati a Zariya, na haura shekara goma ina aiki, amma albashi ba ya kai ni tsakiyar wata. Matana biyu. Uwargida na da 'ya'ya uku, babban ya shiga shekara 17, amarya na da biyu ƙanana, ga mahaifiyata a hannuna. Wani abokin aikina ya haɗa ni da wani dillali a WhatsApp, ya ce zai samo mini takardar aikin kula da tsofaffi a Ingila a kan naira miliyan 14, in tafi da iyalina cikin wata uku. Da na ce masa matana biyu sai ya ce ba matsala, a rubuta duka yaran a matsayin na uwargida, ita kuma amarya daga baya a san yadda za a yi. Na riga na ba shi miliyan 2 kafin alƙalami, cikon kuwa sai na sayar da kasona na gonar gado. Matana ba su san da maganar ba tukuna. In ci gaba? Malam S., Zariya.

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayar da gonar nan, kuma kada ka ƙara wa mutumin nan ko sisi. Abin da yake tallata maka babu shi a yanzu. Gwamnatin Birtaniya ta buɗe ƙofar ɗauko masu kula da tsofaffi da nakasassu daga ƙasashen waje a watan Fabrairun 2022, aka yi ta tururuwa, har da 'yan Najeriya masu ɗimbin yawa. A ranar 11 ga Maris 2024 ta hana masu wannan aikin zuwa da mata ko miji ko 'ya'ya. A ranar 22 ga Yulin 2025 kuma ta rufe ƙofar ɗaukar su daga waje gaba ɗaya, sai waɗanda suke cikin ƙasar aka bar musu damar canza wurin aiki na ɗan lokaci. To wanda ya ce maka yau zai kai ka wannan aikin daga Zariya, har da iyali, ƙarya biyu ya haɗa maka a magana ɗaya. Ko dai ya san gaskiya yana cutarka da gangan, ko kuma shi ma ɗan aike ne da bai san abin da yake sayarwa ba. Ko wanne ne, kuɗinka ne zai tafi.

Takardar da yake nufi ita ce ta ɗaukar nauyi, wadda masu harkar ke kira CoS. Ba ma takarda ba ce da ake riƙewa a hannu, lamba ce da mai ɗaukar aiki ke fitarwa a rumbun kwamfutar ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, ɗauke da sunanka da aikin da za ka yi da albashinka, kuma cikin wata uku ake neman biza da ita. Ba kowa ke iya fitar da ita ba, sai kamfani ko asibitin da ke da lasisi, kuma sunayen duk masu lasisin suna nan a shafin gwamnatin Birtaniya na gov.uk, kowa na iya dubawa kyauta. Kuɗin fitar da ita fam 525 ne a farashin 2025, mai ɗaukar aiki ne ke biya, kuma doka ta hana shi karɓar wannan kuɗin daga hannun ma'aikaci. Ka kwatanta wannan da miliyan 14 ɗinka. Sannan ganin sunan kamfani a jerin masu lasisi ba ya isa, domin 'yan damfara suna aron sunan kamfanonin gaske su buga takarda mai tambari su tura a waya. Aiki na gaskiya yana da talla da ka gani da idonka, da ganawar tantancewa da aka yi maka ta bidiyo, da wasiƙar tayi daga adireshin imel na asibitin. Inda babu waɗannan, sai dai "turo kuɗi kafin gurbi ya cika", to babu aiki.

Mafi muni ma shi ne takardar ta zama ta gaske. Waɗanda aka ba ta bogi sun yi asarar kuɗi suna gida, a tsakanin danginsu. Waɗanda aka sayar wa ta gaske sun sauka filin jirgi suka tarar kamfanin ofis ne kawai, ba shi da tsofaffin da za a kula da su, ko kuma yana ba da aikin awa kaɗan a mako. A watan Maris na 2025 gwamnatin ƙasar da kanta ta bayyana cewa daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanoni sama da 470 a wannan fanni, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Bizar aiki a ɗaure take da wanda ya ɗauke ka. Idan lasisinsa ya faɗi ko ya sallame ka, yawanci kwana 60 ake ba ka ka sami wani mai ɗaukar nauyi ko ka bar ƙasar, kuma a rubuce yake a sharuɗɗan bizar cewa ba ka da haƙƙin tallafin gwamnati. Ka hango magidanci a ɗaki ɗaya a watan Disamba, rana ta faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, ya kashe na'urar ɗumama ɗaki saboda kuɗin wuta, waya na ta ƙara daga gida ana tambayarsa yaushe zai fara turo kuɗi, shi kuma gonar da zai koma wa ta riga ta zama ta wani. Ba na so ka zama wannan mutumin.

Abin da ya fi ba ni takaici a wasiƙarka shi ne, kai kana da ƙofa ta halal, mai arha kuma, amma aka juya ka zuwa wadda aka toshe. Kai nas ne mai rajista. Ma'aikatan jinya har yanzu suna cikin waɗanda ake ba bizar ma'aikatan lafiya, kuma har yanzu suna iya zuwa da iyali. Hanyar ta ratsa ta hukumar rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya, wato NMC, kuma kai da kanka za ka buɗe asusu a shafinta, ba ka buƙatar kowa a tsakani. Za su duba takardun karatunka, su nemi hukumar ma'aikatan jinya ta Najeriya ta tabbatar musu da rajistarka. Sai jarrabawar Turanci: ko IELTS da maki 7, da sassaucin 6.5 a rubutu, ko OET da matakin B, da sassaucin C+ a rubutu. A nan ne mutanenmu da yawa ke tuntuɓe, musamman a rubutu da sauraro, don haka kada ka raina ta saboda da Turanci ka yi karatu. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka yafe wa wannan gwajin. Bayan nan akwai jarrabawar kwamfuta, CBT, da ake yi a nan gida, sai ta aikin hannu, OSCE, wadda sai a can ake yin ta. A farashin 2025, duba takardu fam 140 ne, CBT fam 83, OSCE fam 794, kuma asibitoci da yawa su ke biya wa wanda suka ɗauka ta ƙarshen.

A kan CBT ina da gargaɗi. A 2023 NMC ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawa a Ibadan, inda ake zargin wasu na zauna wa wasu. Ta soke sakamakon duk wanda ya yi jarrabawa a wurin, kusan mutum 2,000, har da waɗanda ba su ci ba ba su sha ba, wasu kuma da suka riga suka fara aiki a can aka cire su daga rajista. Idan wani ya ce zai "taimaka" maka a wannan jarrabawa, ka guje shi.

Akwai kuma abin da dillalai ba sa faɗa. Najeriya tana cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, kuma Birtaniya ta sa ta a jerin da aka hana asibitoci da kamfanonin ɗaukar aiki zuwa farautar ma'aikata. Abin da aka yarda da shi shi ne kai da kanka ka ga talla, misali a shafin neman aiki na hukumar lafiya ta NHS, ka nema kai tsaye. Wato duk wanda ya zo maka a matsayin wakilin wani asibiti a Ingila, ya riga ya saɓa ƙa'ida tun kafin ya buɗe baki. Kuma in faɗa maka gaskiya, guraben sun ragu sosai tun 2024, asibitocin can sun rage ɗauko ma'aikata daga waje. Kana iya cin jarrabawa duka ka yi watanni kana aika takardu shiru. Ka shiga da sanin haka, kuma kada ka ajiye aikinka na yanzu sai biza ta fito. In an ɗauke ka, za ka fara ne a ƙaramin mataki da ƙaramin albashi har ka ci OSCE, wadda ake so ka zauna mata cikin mako 12 da fara aiki, ka kammala rajista cikin wata takwas. Ka karanta kwantiragin da kyau, musamman wurin da ya ce nawa za ka mayar wa asibiti idan ka bar aiki da wuri.

Ga lissafin kuɗi. Bizar ma'aikatan lafiya ta shekara uku fam 304 ce a kan kowane mutum a 2025, kuma an yafe muku harajin lafiya, kai da iyalinka. Wannan yafiyar babba ce. Injiniya ko masanin kwamfuta da ke kan bizar ƙwararru ta gama-gari, a farashin 2025, yana biyan fam 769 a kan kowane kai, ga harajin lafiya fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga yaro, kuma a dunƙule ake biya tun kafin tafiya. Miji da mata da yara uku na shekara uku ya haura fam 17,000, ga sharaɗin albashin da ya kai fam 41,700 tun Yulin 2025. Ku kuwa mutum biyar fam 1,520 ne. Sai kuɗin da za a gani a asusunka kwana 28 a jere: fam 1,270 naka, 285 na mata, 315 na yaro na farko, 200 na kowane yaro bayansa, sai dai in asibitin ya rubuta cewa ya ɗauki wannan nauyin. Sai gwajin tarin fuka a cibiyoyin da aka amince da su a Abuja ko Legas, wanda takardarsa ke aiki wata shida, da takardar shaidar rashin laifi daga 'yan sanda, taka da ta matarka, da fasfo da tikitin jirgi. Waɗannan alƙaluma suna canzawa kusan duk shekara, ka duba gov.uk ranar da za ka biya.

Albashin nas mai rajista a matakin farko na NHS a Ingila fam 31,049 ne a shekarar 2025 zuwa 2026. Na san abin da zuciya ke yi in an buga wannan da naira. Amma bayan haraji da inshorar ƙasa da fansho, abin da ke shiga hannu wajen fam 2,000 ne a wata. Hayar gida mai ɗaki uku a garuruwa da yawa ta haura fam 1,000, ga kuɗin ajiya na mai gida da kan kai na mako biyar, ga harajin ƙaramar hukuma, ga wuta da gas da mota. Makarantar gwamnati kyauta ce, asibiti ma haka, wannan gaskiya ne kuma alheri ne. Amma albashin nas guda ba ya riƙe gida mai mutum biyar a can har ya riƙe wani gida a Zariya, sai in matar ma tana aiki. Bizar ta ba ta damar yin aiki. Tambayar ita ce ko tana so, ko tana da Turancin da za ta yi, kuma wa zai zauna da ƙananan yara in kai kana aikin dare ita tana na safe. Can babu maƙwabciyar da za a leƙa ta katanga a ce ga yara nan ki sa ido, raino kuwa kuɗi ne mai yawa, kuma barin ƙaramin yaro shi kaɗai a gida na iya jawo hukumar kula da yara har ƙofarka.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar gidanka, kuma ita ce ka ambata a gurguje kamar ƙaramin abu.

Dokar shige da fice ta Birtaniya mata ɗaya take karɓa. Ba ta ce aurenka na biyu ba aure ba ne, tunda an ɗaura shi a ƙasar da ta halatta shi, amma biza a matsayin matar aure guda ɗaya ake ba wa, kuma in an ba ɗaya, ɗayar ba za ta samu ba muddin duka auren na nan. Babu zancen wannan ta yi shekara biyu ta dawo waccan ta je. Iyakar abin da ya rage wa wadda ke gida shi ne bizar ziyara, wadda ba ta wuce wata shida, ba a aiki da ita, kuma ana yawan hanawa in jami'in ya ga alamar mutum ba zai koma ba. Wannan "daga baya a san yadda za a yi" da dillali ya ce maka, babu komai a bayanta.

Yara kuma uwayensu suke bi. Ƙa'idar ita ce sai iyayen yaro biyu suna can ko suna nema tare, sai dai in ɗaya ya rasu, ko kai kaɗai ke da alhakin tarbiyyarsa, ko akwai wani dalili mai tsanani. 'Ya'yan amarya uwarsu na raye, kuma ita ke rainonsu, saboda haka da wuya ƙwarai a ba su in ita ba ta tafi ba. Shi ya sa dillalin ya ce a rubuta su a matsayin na uwargida. Malam, ka tsaya ka kalli abin da wannan ke nufi. A wajen hukuma yaudara ce, in an kama ana hana mutum shiga ƙasar har shekara 10, kuma ba a ranar neman biza kaɗai ake kamawa ba: ana iya tono ta wajen sabuntawa, ko wajen neman zama na dindindin, bayan yara sun saba da makaranta, a rushe komai. Ga nas kuma rashin gaskiya laifi ne da ke cin rajista. Amma ka ajiye hukuma gefe. Za ka sa hannu a takardar da ta ce matar da ta yi naƙudar yaran nan ba uwarsu ba ce, ka ɗauke su kana da niyyar ba za ta iya bin su ba, sannan ka koya wa yara su riƙa faɗa wa malaminsu da likitansu ƙarya a kan wadda ta haife su. Wasu har sakin takarda ake ba su shawarar su yi, ko a rubuta mata a matsayin ƙanwa. Kai ka san saki ba abin wasa ba ne, nasaba ma haka. Ban ga albashin da ya kai a yi wannan saboda shi ba.

Babban ɗanka lokaci na ƙure masa. Sai yaro bai cika 18 ba a ranar da aka shigar da takardarsa, kuma bai yi aure ba, bai ware da kansa ba. Tunda ya shiga 17, ga jarrabawa ga rajista ga neman aiki a gabanka, akwai yiwuwar ya wuce kafin ka kai ga biza. Kada wannan ya sa ka gaggawa ka faɗa hannun 'yan damfara, kuma kada wani ya ce a rage masa shekaru a takardar haihuwa, domin takardunsa na makaranta da lambarsa ta NIN za su tona. Ka fara tunanin karatunsa a nan gida tun yanzu, ka kuma faɗa masa gaskiya da wuri don kada ya gina buri a kan abin da ba tabbas. Mahaifiya kuwa ba ta cikin waɗanda wannan biza ke ɗauka ko kaɗan. In ka tafi, sai ka san a hannun wa ka bar ta, kuma da yardarta.

To ka ga hoton da ke gabanka ba "ni da iyalina" ba ne. Kai ne da mata ɗaya da 'ya'yanta, wataƙila ban da babban, sannan wata matar da 'ya'yanta da Hajiya a Zariya, na shekaru. Zama na dindindin sai bayan aƙalla shekara biyar ake nema, kuma a watan Mayun 2025 gwamnatin ƙasar ta fito da ƙudurin mayar da shi shekara 10 ga mafi yawan mutane. Hutun shekara 'yan makonni ne, tikitin zuwa gida kuma ba arha ba. Ka tambayi kanka ta yaya za ka raba kwana tsakanin Zariya da Manchesta. Na san za a ce maka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, kuma haka ne, ya tabbata daga Nana A'isha. Amma tafiyar da za a je a dawo daban, ƙaura ta shekaru daban. Ka sami malamin da ka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa, ka zayyana masa lamarin yadda yake, har da cewa wadda aka bari ba ta da hanyar biyo ka, ka ji abin da zai ce game da haƙƙinta.

Kafin malami ma, matanka. Ka fitar da miliyan 2 daga gidan da albashi ba ya kai tsakiyar wata, kana shirin sayar da gona, kuma mutum biyun da abin zai fi shafa ba su sani ba. Na fahimci dalili, kana tsoron rigima, kana so sai abu ya nuna. Amma ranar da amarya ta ji daga bakin wani cewa an shirya tafiya da 'ya'yanta ba da ita ba, babu bayanin da zai gyara. Ka zauna da kowacce ita kaɗai, sannan ka haɗa su. Ka faɗi abin da doka ta ce ba tare da ƙari ko ragi ba. Kada ka ɗauka ka san amsarsu. Tana yiwuwa uwargida ta ce ita ba za ta bar babban ɗanta da iyayenta da sana'arta ta je ta zauna a ɗaki cikin sanyi ba. Tana yiwuwa amarya ta yarda ta zauna bisa sharuɗɗan da za ta gindaya, kuma tana da haƙƙin gindaya su, a gaban waliyyinta: ina za ta zauna, nawa za a riƙa turo mata, sau nawa za ka zo. Tana kuma yiwuwa ta ce ba ta yarda ba, kuma in ta faɗi haka ba rashin biyayya ta yi ba. 'Yan'uwanka da kuka haɗa gadon gonar su ma suna da bakin magana.

In ka tambaye ni abin da na fi karkata gare shi, ga shi. Ka fara karatun jarrabawar Turanci yanzu, da kuɗin aljihunka, kaɗan-kaɗan, domin ko ba ka tafi ba ba ka yi asara ba. Ka gyara takardu tun da sauran lokaci: sunanka ya zama iri ɗaya a fasfo da shaidar karatu da lasisin aiki, domin Muhammad a nan Mohammed a can yana jawo jinkiri, takardun haihuwar yara daga hukumar ƙidaya ta ƙasa, kowanne da sunan uwarsa ta gaskiya, takardar shaidar aure, in da Hausa ko Larabci aka rubuta ta a sa amintaccen mai fassara ya mayar da ita Turanci ya sa hannu. In Allah ya sa aiki ya samu, ka tafi kai kaɗai tukuna. Doka ta yarda iyali su nemi tasu bizar daga baya. Ka ci OSCE, ka sami gida, ka ga hunturu guda da idonka, ka san masallaci da makarantar da yara za su shiga da inda ake sayar da naman halal, ka ga abin da ke saura a hannunka a ƙarshen wata. A lokacin ne za ka san ko ɗauko gida ɗaya alheri ne, ko kuwa ya fi maka ka yi ci-rani na wasu shekaru, gidajenka biyu suna wuri ɗaya kusa da Hajiya, kana turo musu daidai wa daida kana zuwa hutu. Ga mai mata biyu, ni ina ganin wannan na biyun ya fi kusa da adalci, duk da cewa kaɗaici zai ci ka, kuma ba ƙaramin abu ba ne namiji ya zauna shi kaɗai a can. Abu ɗaya da zai iya sauya wannan tsari shi ne babban ɗanka: in biza ta fito bai cika 18 ba, kuma uwargida ce aka yi ittifaƙi za ta tafi, to a shigar da takardunsu tare da naka.

Ka kuma sani Ingila ba ita kaɗai ba ce. Ma'aikatan jinya na zuwa Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa na yankin Gulf ta hanyar tantance takardu ta DataFlow da jarrabawar Prometric. Can babu zancen zama ɗan ƙasa, kwantiragi ne, in ya ƙare ka dawo, amma ya fi kusa da gida, kuma ga wanda niyyarsa ya tara abin da zai tara ya koma, ya cancanci a duba. Ba zan ɓoye maka ba, duk nas ɗin da ya bar asibitin gwamnati a Arewa raina yana sosuwa, domin na san layin da ke bakin ɗakin haihuwa da na yara, na kuma san ba a maye gurbin wanda ya tafi da wuri. Amma ba zan ɗora maka laifin neman abin da za ka ciyar da 'ya'ya biyar ba. Wannan nauyin yana wuyan waɗanda suka bar albashinka a inda yake.

Saura miliyan biyunka. Kada ka kira shi ka zazzaga masa faɗa, zai toshe lambarka ne kawai. Ka fara adana komai: hotunan hirarku ta WhatsApp, saƙonnin murya, rasidin banki mai ɗauke da sunan asusun da ka tura wa, da duk wata takarda da ya aiko. Sannan ka rubuta masa cikin natsuwa cewa ka fasa, kana son kuɗinka zuwa rana kaza. Ka sa abokin aikin da ya haɗa ku a tsakani, da wani babba da yake jin nauyinsa, domin sau da yawa ta nan kuɗi ke fitowa, ko da kashi-kashi ne. In ranar ta wuce shiru, ka kai ƙorafi a rubuce ga bankinka da 'yan sanda ko hukumar EFCC, da kwafin shaidunka. In ya ce ka cika kuɗin tukuna sannan a mayar maka gaba ɗaya, ko ya kawo maka wani sabon aikin a wata ƙasar a madadin wannan, kada ka saurare shi. In ka ba shi fasfo ko asalin takardun karatunka, su za ka fara karɓowa kafin kuɗi. Ka kuma tambayi abokin naka su wa da wa ya haɗa da mutumin nan a asibitinku, ka gaya musu abin da ka sani tun kafin wani ya sayar da tasa gonar.